Ƙari Wajen Haihuwa: Aikin Ungozoma da Namu Aikin



Batun da muka zo da shi yau yana cikin waɗanda Bahaushe ke sunkuyar da kai in an ambata. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ilmin da kunya ta hana a faɗa ba ya amfanin kowa. Za mu yi magana ne a kan ƙari, watau yagewar da mace kan samu lokacin da kan jariri ke fitowa, da dabarun da ungozoma ke da su na rage shi. Za mu ɗora maganar a kan ƙasarmu ta Ikara da Maƙarfi da Kudan, domin can ne iyayenmu da ƙannenmu da matanmu ke durƙusawa, kuma can ne da yawa daga cikinmu za su koma aiki.

Mene ne ƙari?

Tsakanin gaban mace da duburarta akwai wani ɗan nama wanda tsawonsa bai wuce faɗin yatsu biyu ko uku ba. A nan ne tsokoki da dama suka haɗu, har da zoben tsokar da ke riƙe iska da bayan gida. Idan kan jariri ya sauko, wannan nama ne ke miƙewa ya ba shi hanya, in kuwa miƙewar ta fi ƙarfinsa sai ya yage. Mata kan ce wance ta ƙaru. In kuma ungozoma ce ta sa almakashi da gangan, sai a ce an yi mata ƙari.

Likitoci sun kasa shi mataki huɗu. Na farko fata kaɗai ya shafa. Na biyu ya shiga tsoka, sai an ɗinke. Na uku ya kai ga zoben dubura. Na huɗu ya ratsa zoben har cikin hanji. Yawancin masu haihuwar fari ba su rasa na farko ko na biyu, kuma yakan warke cikin 'yan makonni in an kula da shi. Na uku da na huɗu su ne abin tsoro. Macen da zobenta ya yage ba a gyara ba, iska takan kufce mata, wani lokaci har da bayan gida. Alwalarta ba ta daɗewa, zaman biki da suna ya gagare ta, kwanciyar aure ta zame mata azaba. Ba ta faɗa wa kowa. Sai a ga ta janye jiki daga mutane, a ce ta cika baƙin rai, wani gidan ma har ya kai ga saki, alhali kuwa abin da ya same ta aikin sa'a guda ne a hannun likita in da an gano shi a ranar.

Abin da aka gano a Zariya

Ba sai mun ƙetare teku ba kafin mu sami shaida a kan halin haihuwa a ƙasarmu. Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, aka buga sakamakon a Ingila a 1985. Babban darasinsa shi ne, mafi yawan matan da suka rasu ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. A 1983 kuma Dokta Tahzib ya ba da bayanin mata 1,443 da aka duba a asibitin saboda yoyon fitsari tsakanin 1969 da 1980. Fiye da kashi 80 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuwa yankan gishiri.

A nan ya kamata mu rarrabe abu biyu da akan cakuɗa. Yoyon fitsari yawanci ɗan jinkiri ne: kan jariri ya maƙale kwana biyu ko uku yana danne nama a jikin ƙashi har naman ya mutu ya huje. Mugun ƙari kuwa sau da yawa ɗan gaggawa ne: kai ya faso da ƙarfi cikin daƙiƙa kaɗan, nama bai sami damar sakewa ba. To, in muka dubi yadda akan yi a garuruwanmu, sai mu ga mun juya lissafin. Lokacin da ya kamata a hanzarta, watau farkon naƙuda, a nemi mota a tafi asibiti, sai a zauna ana jiran maigida ya dawo daga fadamar rake ko kasuwa, yarinya kuma tana ɓoye ciwo don kada a ce ba ta da kunya. Lokacin da ya kamata a sassauta, watau sa'ad da kai ya bayyana, sai a taru a kanta ana cewa yi nishi, yi nishi, wata ma ta hau ruwan cikin tana dannawa. Duk abin da za mu faɗa nan gaba gyaran wannan lissafi ne.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Nijeriya baki ɗaya kashi 39 cikin ɗari na haihuwa ne aka yi a asibiti, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa kashi 16 kacal. Ashe ke nan maganarmu tilas ta shiga ɗaki biyu, ɗakin haihuwa na asibitin Ikara ko Maƙarfi ko Hunƙuyi, da ɗakin tsohuwa a Paki ko Gubuchi ko Likoro inda yarinya ta koma goyon ciki.

Abubuwan da ke jawo shi

Wasu dalilan ba su da makawa. Haihuwar fari tana kan gaba, domin naman bai taɓa miƙewa ba. Sai jariri mai nauyi, musamman wanda ya haura kilo 4, abin da ciwon sukari na masu ciki kan haddasa. Sai jaririn da ya sauko fuskarsa na duban cikin uwa maimakon bayanta, ko wanda kafaɗarsa ta maƙale, ko wanda sai da aka jawo shi da ƙarfe.

Wasu kuwa aikin hannunmu ne. Danna ciki yana tunkuɗo kai da ƙarfin da ya wuce na mahaifa. Allurar naƙuda da akan sayo a kemis a yi wa mace a gida, ba awo ba lissafi, takan sa mahaifa ta yi ta murɗawa babu hutu, bayan ƙari ma tana iya fasa mahaifar. Sa'an nan ga aska. Yankan gishiri da cire angurya suna barin tabo, tabo kuwa ba ya miƙewa, sai dai ya tsage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi mata fiye da 28,000 a ƙasashen Afirka shida, har da Nijeriya, ta buga a 2006 cewa waɗanda aka yi wa kaciya mai zurfi sun fi fuskantar zubar jini da tiyata da mutuwar jariri. Dokar tarayya ta 2015 mai hana cin zarafin mutane ta haramta yi wa mata kaciya. Naƙudar da ta tsaya, ƙashin ƙugu ne ya tsayar da ita ko kwanciyar jariri, kuma aska ba ta faɗaɗa ƙashi.

Dabarun ungozoma

Duk wanda ya taɓa ganin ana ɗaurin ganga ya san yadda ake yi da fata. Sai an jiƙa ta ta yi laushi, sa'an nan a riƙa ja kaɗan kaɗan ta kowane gefe. In aka fizge ta a bushe, tsagewa za ta yi. Aikin ungozoma a mintocin ƙarshe na naƙuda bai yi nisa da wannan ba, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara shi cikin shawarwarinta na kula da mai naƙuda.

Na farko, ruwan ɗumi. Idan kai ya fara tura naman, ungozoma ta tsoma tsabtataccen ƙyalle a ruwan da aka tafasa ya huce, ta matse, ta gwada a wuyan hannunta, ta dafa a wurin lokacin murɗawa, ta sake tsomawa in ta lafa. An gwada wannan a birnin Sidni na Ostireliya a kan masu haihuwar fari 717, aka buga a 2007. Yawan masu bukatar ɗinki bai canza ba, amma mugun ƙari ya sami kashi 4.2 cikin ɗari na waɗanda aka gasa, ya sami 8.7 na waɗanda ba a gasa ba, zafin da suka ji kuma ya ragu. Mu da ke tara itace tun ciki na wata bakwai saboda wankan jego, muna ƙona shi safe da yamma har kwana arba'in, ba mu da hujjar rasa kwano guda na ruwan ɗumi a lokacin da ya fi amfani. Sai dai a lura, ɗumi muka ce. Ruwan da ke sa mai jego ihu ƙuna yake yi.

Na biyu, hannu da baki. Ungozoma ta ɗora tafin hannu ɗaya a kan jariri tana rage masa gudu, haɓarsa na sunkuye a ƙirji don kan ya fito ta wajen da ya fi ƙanƙanta, ɗaya hannun kuma ya tallafi naman ƙasa da babban yatsa da manuni. A daidai nan za ta ce wa mai naƙuda ta daina yunƙuri, ta buɗe baki ta riƙa huci a hankali, kan ya zamo da kansa. Haka za ta tallafa har kafaɗu su fito ɗaya bayan ɗaya, domin kafaɗar baya ma tana yaga. Wannan dabara ta daɗe a hannun ungozomomin ƙasar Finlan. Da aka koyar da ita a asibitoci huɗu na Norwe, sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna mugun ƙari ya sauko daga kashi 4 ko 5 cikin ɗari zuwa kashi 1 ko 2. Ba su sayi wata na'ura ba, horo kawai aka yi. Amma dabarar ba ta yiwuwa sai mai naƙuda ta amince da mai karɓarta. Wadda aka yi wa tsawa ko gori tun da ta shigo ba za ta saurari kowa ba sa'ad da aka ce ta tsaya. Saboda haka lafazi mai daɗi yana cikin kayan aiki, daidai da safar hannu.

Na uku, yadda mace za ta zauna. Matan Hausawa sun saba haihuwa a durƙushe, kuma kwantar da su rigingine a ɗage ƙafafu yana cikin abin da ke sa wasu gudun asibiti. Shawarar Hukumar Lafiya ita ce a bar mace ta zaɓi yadda ya fi mata, ta durƙusa, ko ta dafa ƙasa, ko ta kwanta a gefe, ta kuma yi yunƙuri lokacin da jikinta ya nema. Sharaɗin kawai shi ne ungozoma ta ga wurin, hannunta ya kai. Hukumar ta kuma hana danna ciki, ta ce a bar mace ta shigo da wadda ta yarda da ita, ko uwa ko ya ko gwaggo.

Na huɗu, ungozoma ta biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙasar Suwidin an gwada sa ungozoma biyu a ƙarshen naƙudar fari, a kan mata sama da 3,000, aka buga a 2022: mugun ƙari ya zama kashi 3.9 inda ake biyu, 5.7 inda take ita kaɗai. Mu tuna da wannan in mun ga ma'aikaciya guda tana kwana a asibitin ƙauye, ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai riƙe fitila, ita ce mai buɗe ƙofa.

Na biyar, shiri tun kafin ranar, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Daga mako na 34 ko 35 mai cikin fari tana iya tausa wurin da kanta, da hannu mai tsabta da ɗan man zaitun, minti biyar zuwa goma, 'yan lokuta a mako. An tabbatar yana rage bukatar almakashi da ɗinki ga masu haihuwar fari. Ba a yin sa in akwai ciwon sanyi ko in faya ta fashe. Wurin koyonsa shi ne wajen awo, mace da mace, can ne kuma za a gano sukari da ƙarancin jini da tsohon tabo.

Maganar almakashi

Tun 1742 wani likitan birnin Dablin mai suna Fielding Ould ya bayyana yin ƙari da gangan don haihuwar da ta gagara. A ƙarni na 20 sai abin ya zama al'ada, har a wajen 1979 fiye da rabin matan da suka haihu da kansu a Amurka an yanke su. Hujjar ita ce wai yanka madaidaici ya fi yagewa. Da aka zo aka gwada, musamman a wani babban bincike na ƙasar Ajantina a 1993, sai aka ga yanke kowa bai kare kowa ba, ya dai ƙara ciwo da ɗinki. Ƙyallen da aka tsaga wa baki ya fi saurin yagewa. Saboda haka cewa duk mai haihuwar fari sai an yi mata ƙari tsohon karatu ne.

Almakashi yana da ranarsa: in jariri ya galabaita ana son fito da shi maza, ko za a sa ƙarfe, ko tabo ya toshe hanya. A ranar, sai a gaya wa mace a nemi yardarta, a yi mata allurar kashe zafi, a karkata yankan gefe sosai, kimanin digiri 60 daga tsakiya, don ya kauce wa dubura. Yanka ko ɗinki ba tare da allurar kashe zafi ba zalunci ne, kuma macen da aka yi wa haka sau ɗaya da wuya ta sake yarda ta haihu a asibiti, ita da duk wadda ta ba labari.

Bayan an sauka

Ko an yi duk abin da muka lissafa, wata za ta ƙaru. Abin da ke raba wadda za ta warke da wadda za ta wahala shi ne dubawa. Bayan mabiyiya ta faɗo, ungozoma ta duba wurin da haske mai kyau, ta nemi izini ta sa yatsa ta dubura don ta tabbatar zoben yana nan, domin fata kan rufe ɓarnar da ke ciki. Ƙaramin ƙari za ta ɗinke nan take. Na uku da na huɗu kuwa aikin ɗakin tiyata ne, sai a tsayar da jini a tura ta babban asibiti, in ya fi ƙarfinsu a wuce Asibitin Koyarwa na Shika, a ranar. Wadda ta haihu a gida ma a kawo ta a duba ta kafin a kwana, kada a jira suna.

Mai ɗinki ta riƙa tsarki da ruwan ɗumi mai tsabta tana bushe wurin, ta sha ruwa da yawa, ta ci ganye irin su zogale da rama don kada bayan gida ya yi tauri. Kada a cusa kanwa ko alimun ko wani haɗin matsi a kan rauni. In wurin ya yi wari, ko ya buɗe, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti. In an yi arba'in a sake komawa, ungozoma kuma ta yi tambayar da mace ba za ta fara da kanta ba: kina iya riƙe iska? Waɗanda suka daɗe da lalurar su ma su sani ana gyarawa. Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan a Zariya da na Babbar Ruga a Katsina sun shahara da irin wannan aiki.

Namu aikin

To, 'yan'uwa, ina namu a ciki? Wasunmu za su zauna a sashen lafiya ko na kuɗi na ƙananan hukumomin nan uku, takardar sayen kaya za ta biyo ta teburinsu. Ku dubi abin da muka ambata: butar dafa ruwa, ƙyalle, fitila mai aiki da hasken rana, safar hannu, zaren ɗinki, allurar kashe zafi. Duka ba su kai kuɗin fentin katangar asibiti ba. Ku nemi a riƙa rubuta matakin kowane ƙari a rajistar haihuwa, domin abin da ba a ƙidaya ba, ba a gyara shi. Ku tsaya a kan a sa mutum biyu a aikin dare. Shirin tura ungozomomi karkara da gwamnatin tarayya ta fara a 2009 ya koya mana cewa kai baƙuwa ƙauye ya fi zaunar da ita sauƙi, in babu masauki babu albashi kan kari. Maganin da zai ɗore shi ne 'ya'yan Auchan da Gimi da Doka su yi karatun da kansu. Ga makarantar koyon aikin lafiya a Maƙarfi mai ɗauke da sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, ga makarantun ungozoma a Zariya da Wusasa. Wanda ya cire ƙanwarsa daga aji uku na sakandare ba shi da bakin cewa ba ya son namiji ya duba matarsa.

Ungozomomin gargajiya kuma kada mu raina su. Su ake bugawa ƙofa da tsakar dare, maganarsu ce ake ji a cikin gida. A zauna da su cikin girmamawa a roƙe su abu uku: su ajiye aska, su ɗauke hannu daga ruwan ciki, su rako mace asibiti da wuri, musamman mai cikin fari da wadda naƙudarta ta wuce yini ko dare guda. In sun rako ta, a bar su su shiga su riƙe mata hannu.

Ku kuma 'yan'uwa maza, angwaye da masu shirin zama, ku ba da izinin fita awo da haihuwa tun ciki yana ƙarami, a gaban iyaye, don kada a tsaya neman ku. Ku ware kuɗin mota kamar yadda kuke ware na ragon suna, ku san direban da za a tasa da dare. Bayan haihuwa ku yi haƙuri har rauni ya warke, in kuma kun ga ta sauya, ku tambaye ta cikin sirri da tausasawa. 'Yan'uwa mata, ku kuka fi mu shiga ɗakunan da ake wannan magana. In kun je hutu ku gaya wa yayyenku da ƙawayenku cewa mace tana da ikon tambayar ungozoma me ya same ta, mataki na nawa ne, yaushe za ta dawo. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, ya ba mu ikon amfanar da jama'ar da ta ɗauki nauyin karatunmu.